Tankin Kifin Ruwan Gishiri na Farko: Me Zan Fara Saya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina laɓe ina karanta bayananku ban ce uffan ba, yau dai na fito da tawa. Shekara uku ke nan ina riƙe da tankin kifin ruwan daɗi, lafiya lau. Yanzu zuciyata ta karkata ga na ruwan gishiri. Abin da ya ja ni wani tanki ne da na gani a gidan abokina: kifaye biyu masu ruwan lemo da fararen ɗamara suna shige da fice a tsakanin duwatsu, ga wani jatan lande ja da fari a bakin kogo yana ta kaɗa dogon gashin bakinsa. Na fi rabin awa a tsugune ina kallo.

Ga abin da na tsara. Tanki mai lita 40, don in fara da kaɗan. Fitilar LED mai ƙarfi, ita nake so in fi kashe wa kuɗi. Matatar ruwa kuwa ina da tsohuwa ta tankina na da. Ruwa zan ɗiba a famfo in zuba masa maganin kashe kulorin kamar yadda na saba, in ƙara gishiri. Me na manta? Me zan cire? Ku taimaka, Allah ya saka.

Dattijon Zaure: Wa alaikumus salam ɗana, barka da fitowa. Kafin kowa ya lissafa maka kaya, amsa mini abu guda: me kake so ka kiwata? Kifi zalla, ko kifi da murjani mai rai? In da murjani, mai laushi ko mai tauri? Halittar da za ta zauna a ciki ita ke zaɓar kayan, ba kai ba. Wanda ya sayi kaya kafin ya amsa wannan tambaya, sau biyu yake saye.

Sabon Shiga: Baba, gaskiya waɗancan kifaye biyun nake so, kilawun, da jatan landen. Murjani kuma in hannuna ya faɗa, nan gaba.

Dattijon Zaure: Madalla. To fitilar nan taka koma da ita ƙarshen layi. Kifi ba ya cin haske, kowace farar fitila ta ishe shi. Abin da ka sa a ƙarshe, wato ruwa, shi za ka dawo da shi farko. Lita 40 kuma ban goyi baya ba. Nemi wanda ya kama daga lita 150 zuwa 200.

Mai Ƙaramin Tanki: Ranka ya daɗe Baba, da girmamawa, a nan zan saɓa maka. Tankina lita 60 ne, ya shekara huɗu, kilawun biyu a ciki da murjani mai laushi, babu abin da ya same su. Duk sabon da ya shigo zauren nan sai a ce masa sai lita 200, sai na'ura kaza, sai na'ura kaza, har ya tsorata ya fasa. Ƙaramin tanki gishirinsa kaɗan ne, canjin ruwansa bokiti ɗaya ne, wurin ajiye shi ba ya wahala. A bar mutum ya fara daidai ƙarfinsa.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya, ba a ce ƙarami ba ya yiwuwa ba, cewa ake yi ba ya yafe kuskure. Bari in sa lissafi a ciki. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya bin sa, a tanki yake zama. In lita 2 ta ƙafe daga tanki mai lita 40, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. In lita 2 ɗin ce ta ƙafe daga mai lita 200, ko 35 da rabi ba zai kai ba. Haka zafi yake, haka dauɗa take: ɗan abincin da ya ruɓe a bayan dutse, a babban tanki sai ya ɓace a cikin yawan ruwa, a ƙarami kuwa washegari za ka gan shi a gwaji. Kai ka riga ka saba, idonka na kan tankin safe da yamma. Shi yanzu zai fara koyo.

Mai Ƙaramin Tanki: Na yarda da lissafin. Amma maganinsa ai akwai: na'urar cike gurbi, wadda ke da ɗan ido a bakin ruwa, da ya sauka sai ta turo ruwan daɗi daga jarka. Tun da na sa ta gishirina bai sake motsawa ba.

Dattijon Zaure: Ka ga ka kawo shi da bakinka, ɗana. Ƙaramin ya buƙaci ƙarin na'ura kafin ya zauna. Amma na ji ka, mu haɗu a tsakiya: kada ya gaza lita 100. Kuma ya zaɓi mai tsawo da faɗi, ba mai zurfi ba. A saman ruwa iska ke shiga, ruwan gishiri kuma bai kai na daɗi riƙe iskar shaƙa ba. Mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45, lita 180 ke nan da 'yan kai, ya yi kyau ƙwarai ga mafari.

Sabon Shiga, ka lura da abin da aka faɗa yanzu, don a nan da yawa suke faɗuwa: abin da ya ƙafe da ruwan daɗi ake mayar da shi, ba da ruwan gishiri ba.

Hajiya Mai Murjani: Ni batun ruwan famfon nan ne ya tsaya mini a rai. Ƙanena, don Allah kada ka yi. Ni na yi, na ga abin da ya biyo baya. Tankina na farko da ruwan famfo na cika shi, na zuba maganin kulorin, na ce shi ke nan. Wata biyu ba a yi ba gansakuka ta rufe duwatsun, koriya mai dogon gashi, kana tuge ta da hannu yau, jibi ta dawo. Dodon koɗin da na sa don su cinye ta, ɗaya bayan ɗaya na riƙa tsintar su a kife a kan yashi. Na canza fitila, na canza matata, na rage abinci, duk a banza. Ruwa ba ya tsami banza: ashe kowane canjin ruwa da nake yi, taki nake zuba wa gansakukar da hannuna. Maganin kulorin, kulorin yake kashewa. Ba ya cire fosfet, ba ya cire naitiret, ba ya cire silika. Ga kuma tagullar da ruwa ke kwasowa daga bututu, wadda ɗan kaɗan ɗinta ke kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani.

Abin da za ka fara saya, tun kafin tankin ma, na'urar tace ruwa ce ta RO/DI, da ɗan ma'aunin TDS da ake tsomawa a ruwa don auna yawan abubuwan da suka narke a cikinsa. In ruwan ya fito ma'aunin ya nuna 0, to ka samu ruwan haɗa gishiri. In ya fara nuna 1 ko 2, lokacin canza garin tacewar ya yi. Ka sani tana zubar da ruwa, kusan lita 3 zuwa 4 kafin ta ba ka lita 1 mai tsabta, sai ka tara wancan ka yi wanki ko ban ruwan shuka da shi.

Sabon Shiga: Hajiya na gode, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Gishirin fa? Na ga akwai gishirin teku na girki, ba zai yi ba?

Hajiya Mai Murjani: Ba zai yi ba sam. Ruwan teku ba gishirin girki ne kaɗai a cikinsa ba, akwai kalsiyam da magniziyam da sinadaran da ke riƙe pH ɗin ruwan, wato ma'aunin tsaminsa, tsakanin 8.1 da 8.4. Gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku za ka saya. Lita 200 za ta ci kilo 7 ko fiye a cikon farko, saboda haka ɗauki babban bokiti. A wani mazubi daban ake haɗawa, a fara zuba ruwa sannan a barbaɗa gishiri a kai, kada a yi akasin haka. A sa ɗan famfo ya kwana yana juya shi. Kada ka taɓa zuba garin gishiri a tankin da akwai rai a ciki.

Injiniya: Tunda an zo kan gishiri, a yi maganar abin auna shi. Akwai haidiromita ta roba mai allura, akwai rifaraktomita. Ta robar, ƙwayar kumfa ɗaya in ta maƙale a jikin allurar sai ta ɗaga ta, ta ba ka lambar ƙarya, gishiri kuma yana bushewa a jikinta ya ƙara mata nauyi. Rifaraktomita ɗigo biyu kake sawa a kan gilashinta, ka rufe, ka ɗaga wajen haske ka leƙa, za ka ga layi tsakanin shuɗi da fari. Inda layin ya tsaya nan ne gishirinka. Ana neman 1.025 zuwa 1.026. Ka haɗa da 'yar kwalbar ruwan saiti mai gishiri 35, wato daidai da 1.026 ɗin nan, ka riƙa daidaita ta da shi lokaci zuwa lokaci.

Sai abin da ni ya fi damuna, wanda ba a cika faɗa ba sai an yi ɓarna: nauyi da wuta. Tanki mai lita 200, in ka haɗa ruwa da gilashi da dutse da yashi, ya haura kilo 250. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A samu mazauni da aka yi don haka, a sa ma'aunin magina a tabbatar ya daidaita ta kowane ɓangare kafin a zuba ɗigon ruwa. Tankin da ya karkace, mahaɗin gilashinsa ne ke shan wahala har wata rana ya buɗe.

Wuta kuma, ruwan gishiri ya fi na daɗi ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, kai kuma kullum hannunka na ciki. Dole ne soket ɗin ya kasance mai na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurara. Kowace waya a bar ta ta sauko ƙasa da soket sannan ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa. Kada a ajiye soket a ƙasan tanki inda feshi ke kaiwa, gishiri yana taruwa ya yi fari a kai, yana jan danshi.

Sabon Shiga: Injiniya Allah ya ƙara basira. To matatata ta da fa? Irin mai gwangwani ce da ake ajiyewa a ƙasa, tana aiki sosai.

Dattijon Zaure: Za ta yi aiki, amma sai ka riƙa buɗe ta kowane mako kana wankewa, in ba haka ba dauɗa ta taru a soso ta koma naitiret. Mutum kuma in abu yana da wahalar buɗewa, ɗaga shi yake yi zuwa gobe. A tankin teku babbar matata ita ce dutsen da ke ciki. Dutse ne mai huji-huji kamar soso, bakteriya na zama a ramukansa suna cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Wannan ba sabon abu ba ne. Masu kiwo a birnin Balin na Jamus tun shekarun 1970 suka kafa tsarin nan na dutse mai rai da ruwa mai motsi da na'urar kumfa, har yau kuma a kansa yawancinmu muke. Kilo 1 na dutse ga kowace lita 10 ya isa a fara. Ka jera shi da koguna da ratar da ruwa zai ratsa, kada ka gina katanga a jikin gilashin baya. Yashi na aragonait, wato irin na wuraren murjani mai kalsiyam, kaurin santimita 2 zuwa 4.

Ni busasshen dutse nake ba mafari shawara. Mai rai da aka ciro daga ruwa yana saurin kama aiki, amma yakan zo da baƙin da ba ka gayyata ba, irin ƙananan animoni, halittun teku masu kama da fure, masu harbi da ke yaɗuwa kamar wutar daji.

Injiniya: Kuma dutsen ba ya aiki sai ruwa na ratsa shi. Famfon kaɗa ruwa na cikin tanki wajibi ne. A ƙalla ya juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a awa, wato ga lita 200 kana neman lita 2000 zuwa 4000 a awa. Ƙanana biyu suna fuskantar juna sun fi babba ɗaya, in ɗaya ya tsaya ɗayan na riƙe da rai. Ɗaya ya ɗan kalli sama don fuskar ruwan ta riƙa rawa.

Hita ma haka, biyu ƙanana. Ana so ruwa ya zauna tsakanin digiri 24 da 26. Hita in za ta lalace, sau da yawa a kunne take maƙalewa, babba ɗaya kuwa kafin gari ya waye ta dafa komai. Wanda ɗakinsa ke da zafi, matsalarsa sanyaya ruwa ce: ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke digiri ɗaya zuwa biyu, in abin ya fi haka sai na'urar sanyaya ruwa. Ka ajiye famfon iska mai batir ko da ba ka taɓa buƙatarsa ba. In wuta ta ɗauke, rashin motsin ruwa ne ke fara kashe kifi, ba duhu ba.

Mai Ƙaramin Tanki: Tunda Baba ya ambaci na'urar kumfa, wato sikima, bari in sake tsokano wata. Ni ban da sikima, ban taɓa sa ta ba. Ina canza kashi 10 cikin 100 na ruwana duk mako, naitiret ɗina ba ya tashi. Ga wanda zai sa kifi biyu da jatan lande ɗaya, mene ne amfaninta?

Hajiya Mai Murjani: Ka taɓa buɗe kofin sikima bayan kwana uku? Wani ruwa ne baƙi-baƙi mai kauri, warinsa sai ka kau da kai. Duk wannan da a cikin tankin zai zauna ya ruɓe. Ita tana kwashe shi tun bai zama amoniya ba: ƙananan kumfa ne ke tashi a cikin bututu, dauɗar ta manne musu, su tunkuɗo ta cikin kofi. Ga iska da take cusa wa ruwan. Ni ba zan yi tanki babu ita ba.

Mai Ƙaramin Tanki: Hajiya, tankinki cike yake da kifi da murjani mai tauri, dole ki buƙace ta. Maganata a kan mafari ce.

Ɗalibar Kimiyya: Ni a nan ina bayan Yaya. Watannin farko babu abin da sikima za ta kwasa, tankin babu kowa. Sabon Shiga ya bar mata wuri a tsarinsa, ya saye ta ranar da kifi suka ƙaru. Kuɗinta a yanzu ya fi amfani a kan kayan gwaji: na amoniya, na naitirayit, na naitiret, na pH. Da su zai san ranar da tankin ya nuna. Bayan an cika ruwa an jera dutse, sai a ɗiga amoniya ko a saka ɗan abincin kifi ya ruɓe. Bakteriya ke mayar da amoniya naitirayit, su mayar da naitirayit naitiret: amoniya za ta hau ta sauka, naitirayit ya hau ya sauka, naitiret ya bayyana. Yawanci mako 4 zuwa 6. Sai biyun farko sun koma 0 ake sa kifi. Kuma don Allah kada a jefa kifi mai rai a ce shi zai fara tayar da bakteriya, azaba ce kawai ake ba shi, amoniya ƙone masa wurin numfashi take yi.

Dattijon Zaure: Na sallama muku a kan sikima, 'yata, a jinkirta ta. Amma akwai abin da ba zan sallama ba, kuma har yanzu babu wanda ya ambata: tanki na biyu. Ƙarami, lita 40 ɗin nan da ya so saya tun farko ta yi daidai. Babu yashi, babu dutse, sai hita da matatar soso da guntayen bututun roba na ɓuya. Duk sabon kifi a nan zai fara zama mako 4 ana kallonsa. Na taɓa rasa kifi bakwai cikin kwana goma, wasu na shekara biyar tare da su, saboda kifi ɗaya da na saya na zuba kai tsaye. Kwana uku ya fara goga jiki a dutse, sai fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri. Maganin cutar da tagulla ake yin sa, ba kuma za ka zuba tagulla a tanki mai dutse da jatan lande ba. Sai da na kwashe waɗanda suka rage, na bar babban tankin babu kifi sama da mako 10 kafin ƙwayar cutar ta mutu don yunwa. Har yau in na tuna babban cikinsu, wanda ke zuwa ya karɓi abinci a yatsana, sai raina ya sosu.

Saboda haka ma in za ka sayi tanki na hannu, tambayi mai shi ko ya taɓa zuba maganin tagulla. Dutse da yashin da suka sha shi kada ka karɓa ko kyauta ne.

Injiniya: Ƙari kaɗan: murfin raga. Kifin teku suna tsalle, har kilawun in ya firgita da dare. Raga ta fi gilashi don ba ta riƙe zafi. Batun tankin ƙasa mai ɓoye na'urori kuwa, yana da daɗi amma ba dole ba ne. Akwai tankunan da ake yi da ɗaki a bayansu, hita da famfo da soso duk su shige can. In ka zaɓi na ƙasan, ka gwada shi da kashe wuta da gangan kana tsaye, ka ga ko zai iya ɗaukar ruwan da zai gangaro ba tare da ya malala a ɗaki ba.

Sabon Shiga: Jama'a na rasa bakin godiya. Ga yadda na sake jerawa: na'urar RO/DI da ma'aunin TDS, tanki mai lita 180 da mazauninsa, gishiri, rifaraktomita, busasshen dutse da yashi, famfo biyu, hita biyu, kayan gwaji, murfin raga, sai ƙaramin tankin killacewa. Sikima daga baya. Fitilar ce dai har yanzu raina ke kai. In na sayi mai arha yanzu, ba asara ba ce ranar da na zo sa murjani?

Hajiya Mai Murjani: Tambaya mai kyau. In ka tabbata murjani na zuwa, sayi LED mai kyau sau ɗaya, amma wadda ake rage mata ƙarfi, mai shuɗi da fari daban-daban. Murjani yana rayuwa ne da wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a cikin naman jikinsa, su ke sarrafa haske su ciyar da shi, shuɗin haske kuma suka fi amfana da shi. Sai dai ba a buɗe wa sabon tanki fitila gaba ɗaya, gansakuka kawai za ka noma. Lokacin da tankin yake jiran nuna ma bar ta a kashe. In murjanin ya zo, fara da mai laushi, ka ɗaga hasken a hankali cikin makonni, awa 8 zuwa 10 a rana. Haske mai yawa farat ɗaya yana sa shi ya kori tsirran nan ya yi fari fat.

Animoni kuma kada ka yi gaggawarsa don ka ga kilawun na kwanciya a ciki. Ba sa buƙatarsa don su rayu, shi kuwa sai tankin da ya kusa shekara. Ka nemi kilawun da aka haifa a tanki, sun fi na kamu juriya, sun saba da abincin gwangwani, ba a kuma ɗebo su daga teku ba. Wata rana in ka kai ga murjanin nan masu kama da maɓallai, ka sa safar hannu da tabarau, wasunsu na da dafi mai tsanani, kuma ba a taɓa tafasa dutsen da suka zauna a kai.

Sabon Shiga: Salam jama'a, na dawo bayan mako biyar. Amoniya 0, naitirayit 0, naitiret ya fito, gishiri 1.025. Sai dai tun shekaranjiya wani abu ruwan ƙasa kamar ƙura ya rufe yashin da gilashin gaba. Na goge da safe, da yamma ya dawo. TDS ɗina 0 ne wallahi. Na ɓata wani abu ne?

Ɗalibar Kimiyya: Ba ka ɓata komai ba Yaya, kusan kowane sabon tanki sai ya yi. Wasu ƙananan tsirrai ne masu cin silikar da ke fitowa daga sabon yashi da dutse, in ta ƙare za su tafi da kansu cikin 'yan makonni. Canza kashi 20 cikin 100 na ruwan, ka sa dodon koɗi uku ko huɗu su fara kiwo.

Dattijon Zaure: Tankin killacewar fa, ka jiƙa sosonsa a babban tankin kamar yadda ake yi, don ya ɗauki bakteriya?

Sabon Shiga: Mako biyu ke nan yana bayan dutse, Baba.

Dattijon Zaure: To ciro shi ka haɗa ƙaramin yau, ka daidaita gishirinsa da zafinsa da na babban. In ka je ɗauko kifin, ka tsaya sai an ba su abinci a gabanka, ka ɗauki biyun da suka fi rububin ci, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma.